Firizar Inna da Ɗakin Mai Guga

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, ƙafar nan kuma ta sassauta maka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa mu gaba. Yara suna gaishe ka. Ƙaramar ta feso da ƙurajen zafi har cikin gashi, amma tana ci tana wasa.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon: ina ta ihu, kana ta "wa ke magana?", har maƙwabta suka haddace zancen, kai ba ka ji ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa na koma takarda. Direban motar katako zai miƙa maka in ya hau dutse zuwa wajenku.

Kawu, firiza ta iso lafiya. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan Inna da ta bar ta. Na san ba ƙaramin abu ba ne ka fitar da kayan matarka daga gida ka ɗora a mota. Na sa ta a ɗan shagon da ke jikin ɗakina. Ina ƙulla ruwa a leda ina yin ƙanƙara, kafin rana ta take an saye tas. Tun rasuwar baban yara ban riƙi sana'ar da ta rufa mini asiri kamar wannan ba. Ga ta da ƙarfi kuwa. Tun ranar da aka jona ta injin yake gurnani, ban taɓa jin ya yi shiru ba sai in an ɗauke wuta.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Ka san gidan da muke haya mita ɗaya ce, ta kati, duk ɗakunan muke haɗa kuɗi mu saya. Abokinka Dogo, mai gidan, shi ke raba wa kowa kasonsa, yana duba kayan wutar da ke ɗakin mutum. Da firiza ta zo sai ya ce ai kai ka gaya masa ba ta da ci, don haka a lissafa ta kamar fanka biyu. To, katin da ke kai mu ƙarshen wata yanzu ko tsakiya ba ya gani. Aka sake haɗawa, ya sake ƙarewa. Gidan ya koma kowa na harar kowa. Tsohuwar da ke ɗakin ƙurya, wadda ƙwan fitila ɗaya ne duk kayan wutarta, ta ce ita ba za ta ƙara ko sisi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Don Allah ka tuna mini, can wajenka yaya cin wutarta yake? Ina so in san abin da zan faɗa in an sake zama.

'Yarka.

* * *

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na ji lafiyarku, na gode Allah. Ki riƙa shafa wa ƙaramar hoda. Ƙafa tana nan yadda kika sani, sanyin dutsen nan ba ya raga mata. Yanzu haka da rigar sanyi a jikina nake rubutu, gajimare ya sauko har bakin taga.

Farkon takardarki ya faranta mini rai, ƙarshenta ya ɓata. Wato firizar Innarki ake so a ɗora wa laifi? Firizar da ta yi shekara da shekaru a bayan kicin ɗinmu, ba ta taɓa sa ni tsaki a kan takardar kuɗin wuta ba? Kuɗin wutar gidana gaba ɗaya, da ita da rediyo da komai, bai kai abin da nake kashewa a man zafi na ƙafa ba. Ta zo hannunku jiya-jiya, har ta zama mai laifi.

Ki saurare ni da kyau. Ni a karatun mita na tsufa. Babu gidan da ban shiga ba a garin nan, babu karen da bai san ƙafata ba. Mita ba ta ƙarya, in wuta tana tafiya to akwai mai shanta. Kuma abin da ke shan wuta shi ne abin da ke yin zafi: dutsen guga, abin dafa ruwa, murhun lantarki, abin ɗumama ɗaki. A nan duk gidan da na ga kuɗinsa ya yi tsalle, in na leƙa sai in tarar da ɗayan waɗannan a ƙarƙashin gado. Abin sanyi kuwa lasar wuta yake yi kawai.

Saboda haka ki bar zargin kayan mamaciya, ki buɗe ido ki dubi masu rai. Wa ke da abin zafi a gidan? Wa ke jawo ƙofa in ya ji tafiyar Dogo? Ke kin cika yarda da mutane. Haka mahaifiyarki take, a sayar da ita a gabanta tana taya ciniki.

Kawunki.

* * *

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Ƙurajen sun fara bushewa.

Ban zagi firizar Inna ba, tambaya na yi. Amma tunda ka kawo maganar takardar kuɗin wutarka, bari in gaya maka: wutarku daban, tamu daban. Ku kuna gindin madatsar ruwa, farashi ɗaya ake yi muku daga farkon wata har ƙarshe, ga rangwamen tsofaffin ma'aikata da kake samu. Mu nan hawa-hawa ne kamar matakala. Yunit ɗin farkon wata da sauƙi. Da gida ya wuce wani adadi sai farashi ya hau, in aka sake wucewa ya sake hawa. Su kamfani mita ɗaya suke gani, ba su san tarin talakawa ne a bayanta ba, sai su ɗauke mu gidan attajiri. Da bazara ta shigo kuma aka yi ƙari a kan ƙari, wai kowa na jan wuta lokaci ɗaya. Yanzu tun wata bai yi nisa ba muke hayewa matakin sama, daga nan har ƙwan tsohuwa da tsadar attajirai yake ci.

Kuma kai da kake rubutu da rigar sanyi, ba ka san abin da ake kira zafi ba. Rufin kwano ne a kanmu. Da rana in ka taɓa ƙofar shagona sai ka janye hannu. Kyandir ɗin da na bari a taga kwanciya ya yi da kansa. Fanka iska mai zafi take juyawa, amma in na kashe ta yara sai kuka.

Ka yi tambaya a kan mai abin zafi. Mutum ɗaya ne, Mai Guga, da ke ɗakin bakin ƙofa shi da matarsa. Ya riga ni zama a gidan. Dutsen guga ɗaya yake jonawa, kuma shi ke biyan kaso mafi tsoka tun asali, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Gaskiya kwanan nan aikinsa ya ƙaru, don an buɗe wani ofis a layinmu, ma'aikatan suna kawo masa riguna, na kuwa taya shi murna. Amma da rigimar kati ta taso, da kansa ya sayo gawayi ya koma gugar gawayi da rana, a cikin wannan zafin. Mutumin nan shi ya goya baban yara a bayansa ya kai shi mota ranar da ciwon ya yi tsanani.

Don girman Allah kada ka ce wa Dogo komai. Ka san shi, kafin a gama magana ya yanke hukunci. Ka bar ni in lura tukuna.

'Yarka.

* * *

'Yata,

Gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, na fita har bakin hanya jiya.

To, ai kin faɗi mai laifin da bakinki, kina kuma ba shi kariya. Aiki ya ƙaru, wuta ta ƙaru, me ya rage a lura? Gawayin nan da kika gani na rufe ido ne. Na san irinsu sarai. A waje hayaƙi yana tashi kowa na cewa Allah sarki, a ciki an jona dutse na biyu. Goyon mara lafiya kuwa Allah ya ba shi lada, amma ba ya biyan kuɗin wuta.

Duk bayanin matakala da kika yi na gane, ba yau na fara jin farashi ba. Wani ne ya tura ku matakin sama, shi nake nema.

Kin ce kada in gaya wa Dogo. Ni na nema miki ɗakin nan a wajensa, ni na ce masa firizar ba ta da ci, yanzu maganata ake so a mayar ƙarya ina zaune? Na rubuta masa, takardarsa tana tare da taki a hannun direba. Ke mace ce ke kaɗai da yara, ba za ki iya tunkarar ƙato ba, shi ya sa na ɗauke miki. Ba sai kin yi godiya ba.

Kawunki.

* * *

Kawu,

Ina gaisuwa, don ba a raine ni da barin gaisuwa ba. Muna lafiya. Iyakar abin da zan iya faɗa mai daɗi ke nan.

Ka ce ba sai na yi godiya ba. Ka kwantar da hankalinka, babu ita.

Direba ya fara biyawa wajen Dogo kafin ya zo wajena. Ina cikin ƙulla ruwa na ji ana kiran kowa ya fito tsakar gida. Kafin in wanke hannu wurin ya cika. Ba 'yan gidan kaɗai ba, har masu shagunan layi, har matan maƙwabta a kan katanga, har masinjan ofis da ya zo karɓar riguna. Dogo ya tsaya a kan dakali ya ɗaga takardarka, ya ce wannan ba maganarsa ba ce, maganar ƙwararre ce, wanda ya tsufa a aikin wuta. Ya karanta ta tun daga bisimilla har sa hannu.

Da ya zo inda ka rubuta, "'yata ta shaida mini aikinsa ya ninka," gaba ɗaya aka juyo aka dube ni. Kawu, yaushe na ce ya ninka? Ina gawayin da na faɗa? Ina goyon? Ka tsinci layi ɗaya a takardata ka yi wuƙa da shi, ka sa sunana a ƙota.

Mai Guga yana tsaye da dutsen gawayi a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Bai dubi Dogo ba, ni ya duba. Ya ce, "Yaya, ke kika faɗa?"

Na ce, "Wallahi ba haka na ce ba."

Dogo ya ce, "Ke yi mana shiru, an riga an ji. A buɗe ɗakin."

Suka shiga suka birkice masa kaya, matarsa tana rakuɓe a bango tana kuka. A bayan ƙofa suka samu wani tsohon dutsen lantarki, ba mariƙi, wayarsa a guntule, wanda yake tokare ƙofa da shi don iska ta shiga. Duk gidan nan babu wanda bai taɓa tuntuɓe da shi ba. Dogo ya ɗaga shi sama ya ce, "Ga dutse na biyu! Kamar tsohon nan yana gani daga kan dutse!" Aka ɗauki salati, wasu har da tafi.

Mai Guga ya ce, "A jona shi mana a gani. In ya yi ko ɗumi, ku kai ni inda za ku kai ni."

Babu wanda ya jona. An samu abin da ake so. Dogo ya ce ya kwashe kayansa kafin sati ya fita. Masinja ya karɓi rigunan ofis yadda suke a yamutse ya tafi. Kafin magariba masu kaya sun yi layi, kowa na cewa a ba shi nasa, har da masu ƙirgawa a gabansa ko an rage.

Na bi Dogo har ƙofar gidansa ina roƙo. Ya ce in ban yarda da kawuna ba, shi ya yarda da abokinsa.

Jiya suka tafi. A kura ɗaya aka ɗora komai, teburin guga a sama. Na fito in kama wa matar kaya, ta janye ƙullin daga hannuna. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ina jin haushinka, Kawu. Gara in faɗa maka a takarda da in riƙe.

'Yarka.

* * *

Kawu,

Gaisuwa. Shiru ba amsa. Ina fata lafiya ce ta hana ka, ko kuwa takardata ce ta yi maka ɗaci. Ko ma mene ne, ga wata.

Mai Guga ya tafi da dutsensa, na gaske da na tokare ƙofa. Aka haɗa kuɗi aka sayi sabon kati, kowa na murna za a huta. Kati ya ƙare kamar yadda ya saba, ko kwana ɗaya bai ƙara ba.

Sai na yi abin da na ce ka bar ni in yi tun farko. Na zare wayar firiza. Na kira tsohuwa da sauran 'yan gida muka riƙa duba mita safe da yamma. Lambar da a da take zuba kamar an huda buhu, sai ga ta tana rarrafe. Na mayar da waya, ta ci gaba da zuba. Na sake zarewa a gaban Dogo don kada a ce mafarki na yi.

Na kira mai gyaran firij ko wani abu ne ya lalace. Ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai ba don irin garinmu aka ƙera ta ba. A wuri mai sanyi takan yi aiki kaɗan, cikinta ya yi sanyi, injin ya tsaya ya huta. A shagona mai kama da tanda kuwa, ga ruwa mai ɗumi da nake loda mata kullum, ba ta taɓa kaiwa inda za ta huta. Ni ban san firiza tana hutawa ba, ban taɓa mallakar ko ɗaya ba. Amma kai ka sani. Na rubuta maka tun a takardar farko cewa injin ba ya shiru, ka tsallake, don ka riga ka tafi neman ɓarawo.

Wato ni ce na tura gidan matakin sama. Ƙanƙarata ce tsohuwa take biya wa kuɗi, saboda ƙanƙarar nan kuma Mai Guga ya koma gawayi.

Ka san abin da Dogo ya ce? Ya sosa ƙeya ya ce, "To, ai abin da ya wuce ya wuce." Na ce a dawo da mutumin ɗakinsa. Ya ce ya riga ya ba wani, har an yi fenti. Sannan ya ce in ina son jona firiza in biya rabin katin gidan. Na yi lissafi, ko zan sayar da ƙanƙara har ga aljanu ba za ta fitar ba. Tana nan a kashe.

Sana'a ta tsaya, wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne har yau a layin nan in an ce Mai Guga sai wani ya ce, "Wanne, ɓarawon wuta?"

Ka amsa mini.

'Yarka.

* * *

'Yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ruwa ne aka yi mana kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta zaftaro ta rufe hanya, motar katako ba ta hau ba sai shekaranjiya. Takardunki biyu tare suka zo. Na karanta ta farko na ajiye na ce yarinyar nan ba ta da kunya. Na karanta ta biyu, abinci bai shiga ba ranar.

Duk da haka zan faɗa miki, ba a yi wa babba irin wannan rubutun. Kuma ni ban ce a kori kowa ba, cewa na yi a bincika. Dogo ne da gaggawarsa. Ni a ina zan san firiza tana canja hali in ta canja gari? Duk aikina a kan dutsen nan na yi shi, inda mutane ke kashe kuɗi don su ji ɗumi. Ban taɓa karanta mitar wanda ke sayen sanyi ba.

Gaskiya ne, a nan takan yi ɗan gurnani ta yi shiru, can an jima ta sake. Na san wannan ƙarar fiye da kowa. Tun da Innarki ta rasu, in gidan ya yi tsit sai in ji ta tashi a bayan kicin, sai in ga kamar yanzu za a buɗe murfin a kira ni in riƙe kwano. Na kasa jurewa, shi ya sa na aiko miki. Da kika rubuto ana zarginta sai na ji kamar Innarki ake nunawa da yatsa.

Ga kuɗi nan a cikin ambulan, abin da na iya ne. Ki ba mutumin ya kama wani ɗaki, ki ce daga wani bawan Allah. Kada ki sayar da firizar ga masu gwangwan.

A bar maganar haka.

Kawunki.

* * *

Kawu,

Na gode Allah da lafiya ce. Hankalina ya tashi da shirun, duk da haushin da nake ji. Abin da ka faɗa game da Inna ya sa ni hawaye. Firizar tana nan, na wanke ta na lulluɓe da zani, babu mai taɓa ta.

Amma maganar ba za a bar ta haka ba. Ka ce ba ka ce a kori kowa ba. Da kunnena na ji Dogo ya karanta, "irin wannan ba a barinsa ya ƙara wata a gida." Ko shi ma Dogo ne ya rubuta?

Na nemi Mai Guga na same shi. Yana bayan tashar mota, ya kafa teburinsa a jikin katanga, ya ɗaura buhu a sama yana tare rana. Matarsa ta koma wajen danginta kafin ya samu ɗaki, shi kuma a shagon wani mai faci yake kwana. Na tarar da shi da wando ɗaya tak a kan tebur, yana ta juya shi don kada a ga ba shi da aiki.

Ban ce masa daga wani bawan Allah ba. Na gaji da rufa-rufa. Na gaya masa komai, firiza da mita da kai da ni. Ya saurara har na gama. Na miƙa ambulan, ko kallonta bai yi ba.

Ya ce, "Yaya, ranar nan kuɗi aka karanta a tsakar gida?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To. Takarda aka karanta. Mai kaya ba ya ba ɓarawo rigarsa, ko da ɓarawon yana da ɗaki. Wanda ya rubuta waccan, in yana da hannu har yanzu, ya rubuto wata."

Ga kuɗinka nan na dawo da su yadda suke. Ka rubuto, Kawu. Da sunanka, da aikin da ka tsufa a ciki, kamar yadda ka sa a waccan. Kada ka sa "wataƙila", kada ka sa "Dogo ne". In ba za ka iya ba, ka gaya mini, sai in san ba ni da sauran abin da zan riƙa ba direba.

'Yarka.

* * *

'Yata,

Gaisuwa. Ƙafa ta tashi, amma hannu yana aiki, ki gaya wa Mai Guga.

Kin iya matsa wa mutum, wannan ba a wajen mahaifiyarki kika gado ba. Na yaga takardu da yawa kafin wannan ta tsaya. Ga ta a haɗe, ki kai wa Dogo ya tara mutanen da ya tara. Ki karanta da kanki, shi yana cin baƙi in abin bai yi masa daɗi ba.

"Ni ne tsohon mai karanta mita da ya rubuto cewa Mai Guga yana satar wuta. Ƙarya na yi masa. Ban taɓa ganinsa ba, ban taɓa shiga gidan ba, ban taɓa zama a garin zafi ba. Firizar da ni na aiko ita ta cinye wutar. Mutumin nan bai ci sisin kowa ba, shi aka ci. Duk wanda ya karɓe kayansa saboda maganata, ya mayar saboda maganata. Ina roƙonsa ya yafe mini."

Kawunki.

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafar? Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Yara lafiya. Na fara ɗan saro sabulu da omo ina sayarwa a shagon, ana lallaɓawa.

Takardarka ta yi. Ban zaci za ka rubuta "ƙarya na yi masa" ba, na gode. Amma kada ka ɗauka an gama.

Na kai wa Dogo. Ya karanta ya ce zafi ya yi yawa, mutane suna da abin yi, ba zai tara kowa ba. Na ce ranar da ka tara su ƙanƙara ake yi? Ya shige gida ya rufe ƙofa. Sai na bi ɗaki-ɗaki da shago-shago da kaina, na ce a zo tsakar gida bayan la'asar akwai takarda daga kan dutse.

Kawu, ranar zargi har kan katanga mutane suka hau. Ranar wankewa tsohuwa ce ta fito da kujerarta, sai sabon ɗan hayan da ya leƙo yana goge baki ya koma. Mai Guga ya zo, amma ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa, dab da tagar ɗakin da ya bari. Na hau dakalin da Dogo ya hau na karanta da ƙarfi, kamar gidan a cike yake. Da na gama ya ce, "Na ji. Ki ce na yafe." Ya juya ya tafi. Ɗakin dai ya tafi ke nan, ba zai dawo ba.

Na sauko cike da takaici. Wato an taru an kashe wa mutum kasuwa, amma ba za a taru a tayar ba. Na ce to, tunda ba za su zo ba, ni zan je.

Washegari na ɗauki takardar na fara daga shagon farko na layi. Ina sallama, in tsaya, in karanta tun daga "Ni ne" har "ya yafe mini", sannan in faɗi inda teburinsa yake yanzu. Wasu su sunkuyar da kai. Wata ta ce ita dai ta farkon ta ji, na ce to buɗe kunne ki ji ta biyun, na maimaita mata. Mai shayi ya ce in rage murya ina korar masa mutane, na ƙara. A ofis mai gadi ya hana ni shiga, na jira a bakin ƙofa har suka fito cin abinci na karanta musu a tsaye a rana. Ɗaya daga cikinsu ya koma ciki ya fito da riguna a leda, ya ce in nuna masa hanyar tashar.

An fara ce mini mai takarda, yara suna bina. Ko a jikina. Saura layin bayan kasuwa da gidajen da ke wajen famfo, duk suna ba shi kaya a da.

Abin da nake so yanzu, ka sake rubuto irinta sak, da manyan baƙi, ka sa hannu. Wadda ke hannuna gumi ya jiƙa ta, ta fara yagewa a wajen ninki, kuma ban kai rabi ba.

'Yarka.